Amsoshin Tambayoyinku: Gudun labari da tafiyar mulki

MAI GABATARWA: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da war haka daga nan Abuja. Saƙonni sun taru a gabana fiye da abin da mintunanmu za su ɗauka, don haka yau ban da doguwar gaisuwa. Tare da ni akwai tsohon edita da ya ga jiya ya ga yau a ɗakin labarai, da kuma malamar jami'a mai koyar da aikin jarida. Malam, Dakta, sannunku da zuwa.

EDITA: Yawwa, sannu da aiki.

DAKTA: Mun gode.

MAI GABATARWA: Wata baiwar Allah daga Kubwa tana tambaya, yaushe ne doka ta ce a daina tallan 'yan takara a rediyo? Dakta, a taƙaice.

DAKTA: Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, ta ce a buɗe yaƙin neman zaɓe kwana 150 kafin ranar ƙuri'a, a rufe saura awa 24. Daga nan babu talla a rediyo, talabijin ko jarida har a gama zaɓe.

MAI GABATARWA: Hajiya kin ji, saura awa 24. To ga wadda ta fi yawa. Wani tela daga Nyanya, da malamin makaranta daga Gwagwalada, da wani mai shago a kasuwar Wuse, duk bakinsu ya zo ɗaya. Telan ya ce: "Me ya sa idan kamfe ya zo ba ma jin komai sai gugar zana da martani, wane ya ce, wane ya mayar? Ina maganar ruwa da asibiti?" Malam, ku ne kuke zaɓar abin da muke ji, sai ka kare kanka.

EDITA: Gaskiyarsa, kuma amsar tana jikin agogo. Labaran minti biyar da kake ji a kan awa ba sa ɗaukar fiye da labari shida ko bakwai. Kowane labari bai cika minti ɗaya ba, muryar ɗan takara a ciki daƙiƙa 20 ce zuwa 30. Shi kuwa ya yi minti 40 yana jawabi a kan dandamali. Wakili ya dawo da faifai, saura rabin awa a shiga labarai, dole ya yanko jimla guda. Wace zai yanka? Wadda take tsayawa da ƙafarta ba sai an yi mata bayani ba. Bayanin yadda za a samo kuɗin gyara asibitoci yana bukatar minti uku. Habaici ga abokin hamayya daƙiƙa goma ya ishe shi.

To su ma 'yan siyasar sun san wannan lissafi. Kowane babban ɗan takara yana da ofishin yaɗa labarai, kuma aikinsu a tsare yake. Da asuba su duba kanun jaridu da abin da ake cece-kuce a kai a Facebook da X. Kafin hantsi sun tsayar da magana ɗaya ta wannan rana. Sai a dasa ta a cikin jawabi, gajeriya mai kaifi, a ce ya ɗan dakata bayan ya faɗe ta don jama'a su yi sowa, mai yanka kuma ya sami wurin yanka. Kafin ya sauko daga dandamali an yanke bidiyon, an sa rubutu, an tura wa matasan da ake kira 'yan data. Da dare kuma sojojin baka su ɗauka a filin da aka saya a rediyo.

MAI GABATARWA: Wato ba suɓul da baka ba ne.

EDITA: Sau da yawa shiri ne. Ɗaya ɓangaren kuma ba zai kwana bai rama ba, don a wurinsu zargin da ya kwana ba amsa ya zama gaskiya. Shi ya sa za ka ga martani ya fito kafin labaran yamma, ko kafin jarida ta rufe shafin farko da dare. Gobe sai martanin ya zama labari, jibi martanin martani. Kwana uku sun tafi ba a ambaci famfo ba.

MAI GABATARWA: Bari in maimaita wa wanda ya kunna yanzu. Jawabin minti 40, abin da ke isowa kunnenka daƙiƙa 30, kuma mai jawabin ya riga ya zaɓi daƙiƙun da yake so a ɗauka. Ni dai a ganina, Malam, wannan bai wanke ku ba. Almakashi a hannunku yake.

EDITA: Bai wanke mu ba. Ƙa'idar aiki a bayyane take. Kafin ka sa labari ka sami majiya biyu da ba su san da juna ba. Idan takarda ce ka gan ta da idonka, da kwanan wata da sa hannu. Idan zargi ne ka kira wanda ake zargi. Idan murya ce ka saurari minti ɗaya kafin jimlar da minti ɗaya bayanta, don wani lokaci mutum yana kawo maganar wani ne zai ƙaryata, sai a yanke daidai nan. Inda ake faɗuwa shi ne tsoron kada wata kafa ta riga ka. A kira waya sau ɗaya, ba a ɗauka ba, a rubuta "ƙoƙarin jin ta bakinsa ya ci tura", a saki. Kafa ta biyu ta kwafa daga ta farko, ta uku ta ga wurare biyu sun ɗauka ta ce ai ya tabbata, alhali tushen ɗaya ne. In an gano kuskure a yi gyara, amma gyara ba ya zuwa inda labarin farko ya je.

MAI GABATARWA: Dakta, malamin Gwagwalada ya ƙara da cewa: bayan an ci zaɓe fa, wannan saurin yana taɓa yadda ake mulki?

DAKTA: Ai abin ya samo asali da nisa. A ranar 26 ga Satumban 1960, kwanaki kaɗan kafin Najeriya ta sami 'yancin kai, Kennedy da Nixon, 'yan takarar shugabancin Amurka, suka yi muhawara a talabijin. Nixon bai daɗe da fitowa daga asibiti ba, ya fito a rame yana gumi, kuma abin da mutane suka riƙe ke nan. A 1980 CNN ta fara labarai dare da rana. Mu a nan sai 1992 aka kafa hukumar NBC mai kula da tashoshin rediyo da talabijin aka ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi, tashar rediyo ta Raypower ta fara a 1994, wayar salula ta shigo a 2001...

MAI GABATARWA: Dakta, kin ɗauko mu daga nesa, ga agogo yana hararata. Dawo da mu Abuja.

DAKTA: To, ga Abuja. Ranar 29 ga Mayun 2023, a dandalin Eagle Square, Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Jimla ɗaya, kai tsaye a talabijin. Kafin magariba layuka sun miƙe a gidajen mai, wasu sun ja ƙofa sun rufe. Ranar 31 ga wata kamfanin NNPC ya sauya farashi, lita da take ƙasa da naira 200 ta koma 537 a nan Abuja. Ba zancen kyau ko munin manufar nake ba. Abin lura shi ne kasuwa ta amsa cikin awanni, tun ba a fitar da takardar da ta fayyace yadda za a yi ba, kuma matakan rage raɗaɗi sai daga baya suka biyo. Mai shawara nagari yakan ce kada a furta irin wannan sai takardar umarni, da amsoshin tambayoyin da za su taso, da wanda zai fito ya yi bayani, duk suna ƙasa a shirye.

Akwai kuma ɗaya fuskar, inda saurin ke tilasta wa gwamnati ja da baya. A watan Oktoban 2020 zanga-zangar EndSARS ta kankama a intanet da tituna, ranar 11 ga wata Sufeto Janar ya sanar da rushe SARS, rundunar 'yan sanda ta yaƙi da fashi da makami, bayan kwana biyu aka sanar da sabuwar runduna mai suna SWAT a madadinta. A ranar 6 ga Mayun 2024 Babban Banki ya umarci bankuna su riƙa cire kashi 0.5 cikin ɗari na kuɗin da aka tura, harajin tsaron intanet, wato naira 50 a kowace 10,000. Ƙasa ta ɗauka, ba a cika mako biyu ba aka dakatar.

MAI GABATARWA: Ashe surutun yana da rana.

DAKTA: Yana da rana, amma a makare yake zuwa. Wancan harajin yana cikin dokar da majalisa ta gyara aka sa mata hannu tun farkon shekarar. Ƙudiri yana bin karatu na ɗaya, na biyu, ya je kwamiti, a yi zaman jin ra'ayin jama'a, a yi karatu na uku, ɗaya majalisar ta amince, sannan shugaban ƙasa yana da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. Watanni ke nan. A zaman kwamiti ne ake iya cire sakin layi cikin sauƙi, amma nan ne kyamara ta fi ƙaranci, saboda babu hayaniya. Mai mulki kuma ya lura da abin da ake ɗauka. Yanke kyalle a bakin sabuwar gada yana ba da hoto. Biyan kuɗin gyaran injin ruwa ko sayen allurar rigakafi ba ya ba da hoto. In ba a yi hattara ba, kasafi sai ya karkata inda hoto yake.

MAI GABATARWA: A sake ji da kyau: lokacin da ya fi dacewa a yi magana shi ne ƙudiri yana hannun kwamiti, kafin ya zama doka. Wani matashi daga Mararaba ya ce a daren zaɓen 2023 ya ga sakamako kala uku a WhatsApp, wanne ne na gaskiya? Malam.

EDITA: Sakamako yana farawa ne a rumfa. An ƙirga a gaban jama'a, jami'i ya cike fom EC8A na sakamakon rumfa, wakilan jam'iyyu su sa hannu su karɓi kwafi, a ɗauki hotonsa da na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS a tura IReV, shafin INEC na duba sakamako a intanet. Daga nan mazaɓa, ƙaramar hukuma, jiha, sannan zauren tattarawa na ƙasa. Rumfuna sun haura 176,000. Wanda ya tura maka hoton rumfa ashirin da gwaninsa ya ci bai yi ƙarya ba, amma bai nuna maka komai ba. A 2023 an yi zaɓe ranar 25 ga Fabrairu, sakamakon shugaban ƙasa ya yi jinkirin hawa IReV, INEC ta ce matsalar na'ura ce, ba a bayyana wanda ya ci ba sai da asubar 1 ga Maris. Wannan giɓin na kwanaki shi jita-jita ta cike. Baturen zaɓe kaɗai doka ta ba ikon bayyana sakamako, tashar da ta riga shi ta karya ƙa'ida.

MAI GABATARWA: Sai wani bawan Allah daga Dei-Dei, ya ce shi duk abin da ya shigo wayarsa turawa yake, "don jama'a su yi hukunci da kansu". Haba Alhaji! Da girmanka? Kayan da ba ka buɗe ba kake ɗora wa mutane a ka. Ka tuna an yi ta yaɗa cewa Shugaba Buhari ya rasu an kawo wani Jibrin daga Sudan, har sai da ya fito a Poland a Disambar 2018 ya ce shi ne da kansa. Dakta, ba shi abin yi.

DAKTA: Abu huɗu, ba su kai minti biyar ba. Ya duba saman saƙon, in ya ga kibiya biyu to an yi ta turawa hannu da hannu, ba a san mafarinsa ba. Ya nemi kwanan wata da sunan wuri, saƙon murya da ba suna ba gari a ajiye shi. In hoto ne ya sa shi a Google Lens, sau da yawa zai tarar tsoho ne ko na wata ƙasa. Sannan ya leƙa ko kafa biyu da ya yarda da su sun ɗauka, ko masu tantance labari irin su Dubawa sun yi magana a kai. Babban labari ba ya awa biyu manyan kafofi ba su taɓa shi ba.

MAI GABATARWA: Alhaji, mun san da kyakkyawar niyya kake yi, amma a riƙa dubawa. Wata ɗaliba daga Lugbe: an taɓa rufe dandalin sada zumunta a Najeriya? An taɓa, 'yata. Gwamnati ta dakatar da Twitter, wanda yanzu ake kira X, a farkon Yunin 2021, bayan kamfanin ya goge wani saƙon Shugaba Buhari, ba a buɗe ba sai 13 ga Janairun 2022. Ta ƙarshe, wani direba daga tashar Zuba: an yi musu alkawarin hanya a gaban 'yan jarida, labari ya mutu, ya za su bi sawu? Malam, daƙiƙa talatin.

EDITA: Su rubuta ranar da aka yi alkawarin da wanda ya yi. Su nemi sunan aikin a kasafin kuɗi, in ba ya ciki to magana ce kawai. In yana ciki, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowa dama ya rubuta wa ma'aikata yana tambayar nawa aka ware, nawa aka saki, wa aka ba kwangila, kuma kwana bakwai gare su su amsa. A kai wasiƙar kwafi biyu, a buga hatimin karɓa a kan ɗaya a riƙe. Da wannan takardar mai hatimi za su zo ɗakin labarai, edita ya sami abin kamawa.

MAI GABATARWA: Kwafi biyu, direba, kada ka baro naka ba hatimi. Masu tambaya kan kuɗin da tashoshi ke karɓa na tallan siyasa, na ga saƙonninku, da su za mu buɗe mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Malam, Dakta, Allah ya saka da alheri. A huta lafiya.