Ƙarin damoyid a jakar ƙwai: aikin huji ko buɗe ciki?

Assalamu alaikum, 'yan'uwa mata na Agege, Idi-Araba, Mile 12 da sauran unguwannin Legas.

An yi miki hoton ciki, likita ya ce akwai ƙari a jakar ƙwanki, irin wanda suke kira damoyid, kuma sai an cire shi. Ya ce hanya biyu ce: ko a huda ciki a yi aikin da na'ura, ko a buɗe cikin. To, wanne ya dace da ke?

Idan aka tsaga wannan ƙari, ana samun maiƙo da gashi a ciki, wani lokaci har da haƙori. Da mutane sun ji haka sai a ce jifa ne ko sammu. Ba haka ba ne, 'yar'uwa. Ƙwayoyin halittar da ke jakar ƙwai suna iya zama kowane sashe na jiki, su ne suka tsiro ba bisa tsari ba. Galibinsa ba kansa ba ne, wato ba ciwon daji ba ne. Kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ne ke rikiɗewa ya zama kansa, yawanci ga matan da suka manyanta. Sai dai babu maganin sha da ke narkar da shi, na asibiti ko na gargajiya. Idan ya kai santimita 5 ko 6, likitoci sukan ce a cire, domin nauyinsa na iya murɗe jakar ƙwan, jini ya daina kai mata.

Aikin huji shi ne laparoskofi. Za a sa ki barci, a yi huji 3 ko 4, kowanne kamar santimita 1 ko ƙasa da haka, ɗaya a cibiya. A hura iska cikin ya ɗaga, a zura kyamara, likita yana kallon allo yana ɓare ƙarin daga jikin jakar ƙwan. Yawanci a ranar ko washegari ake sallama, bayan mako 2 kuma mace ta koma harkokinta. Idan kin ji ciwon kafaɗa bayan aikin, kada ki tsorata, ragowar iskar ce.

Inda aikin huji yake buƙatar gwaninta shi ne wajen fitar da ƙarin. Idan ya fashe, maiƙon da gashin suka zube cikin ciki, suna iya jawo kumburi mai zafi, ko da yake ba kasafai hakan ke faruwa ba. Shi ya sa ƙwararren likita yake saka ƙarin cikin wata 'yar jakar leda tun yana ciki, sannan ya zaro ta ta hujin. In wani abu ya zube, ya wanke wurin tas da ruwan asibiti.

Buɗe ciki kuwa yanka ne a ƙasan mara, irin na haihuwa ta tiyata. Za ki yi 'yan kwanaki a asibiti, sannan mako 4 zuwa 6 ba ɗaukar kaya mai nauyi. Ki auna wannan da zamanki a Legas: hawa bene da jarkar ruwa, jijjigar danfo, goyon yaro, tsayuwa a rumfa tun asuba. Wa zai kama miki?

Duk da haka, akwai inda buɗe cikin ya fi. Idan ƙarin ya yi girma sosai, kamar ya haura santimita 10, ko hoto da gwajin jini sun sa ana zargin kansa, an fi son a fito da shi ɗungurungum bai fashe ba. Haka ma idan tiyatar baya ta sa kayan ciki sun manne da juna. Ki kuma sani, ana iya farawa da huji, likita ya ga abin da zai sa ya buɗe. Hakan na cikin takardar da za ki sa wa hannu, ki sa a karanta miki ita da kyau.

A ganina, tambayar da ta fi girman tabo muhimmanci ita ce: "Likita, ƙarin kawai za a cire, ko har da jakar ƙwan?" Ga mai son haihuwa, ana ƙoƙarin barin jakar, kuma ko an cire ɗaya, ɗayar in tana lafiya ta isa a samu ciki da yardar Allah. Ki kuma tambaye shi ko ya saba yin wannan aiki ta huji. Ba rashin kunya ba ne, haƙƙinki ne. Aikin huji yakan fi tsada, don haka a rubuta miki kuɗin kowanne. In kina son jin ta bakin wani likitan, akwai sashen likitocin mata a asibitocin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba da LASUTH da ke Ikeja.

Kafin ranar aikin, idan ciwo mai tsanani ya taso miki farat ɗaya a gefe guda na mara, da amai, kada a jira gari ya waye ko cunkoso ya ragu. A kai ki sashen gaggawa nan take, a gaya musu kina da damoyid.