Ragar fatalwa a bakin tekun Arnhem Land

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, bakin teku nake, kusa da garin Nhulunbuy a yankin Arnhem Land, can arewacin Ostireliya. Ƙasar mutanen Yolngu ce, kuma ba a shigowa kai tsaye, sai da takardar izini. Kar ma wani ya ce in shiga ruwan nan, akwai kadoji.

Ku duba abin da ke gabana. Ragar kamun kifi ce, rabinta a binne cikin rairayi. Nan suna ce mata ragar fatalwa, don ba mai ita, amma ba ta daina kamu ba. Jiragen kamun kifi ne ke yar da ita ko ta tsinke musu a tekun Arafura, igiyar ruwa ta yi ta yawo da ita tana shaƙe kunkurun teku har ta kawo ta gaɓa. Na gwada ja ɗazu, wallahi ko motsi ba ta yi ba. Sai an tona, an yanyanka, an ɗaura wa mota.

Masu wannan wahala su ne masu gadin daji da teku na ƙungiyar Dhimurru, wadda dattawan Yolngu suka kafa a 1992. 'Yan ƙasa ne, a ƙasar kakanninsu. Tun 2007 gwamnatin tarayya ta fara biyan albashin irin waɗannan ma'aikata a wani shiri na musamman, kuma wanda ya ba da kuɗi dole ya tambayi ina amfanin.

To ta yaya ake aunawa? Raga dai da sauƙi: a ƙirga, a auna faɗin idonta, a shigar da wurin da aka same ta a na'ura. Wuta ce ta fi burge ni. A yammacin Arnhem Land, wasu masu gadin daji na can suna cinna wa ciyawa wuta da gangan tun farkon raninsu, kafin watan Agusta, lokacin da sauran danshi. Wasu a ƙasa da ashana, wasu daga jirgi mai saukar ungulu. Wutar takan ci kaɗan ta mutu da kanta cikin dare, ta bar fili-fili da babbar gobarar ƙarshen rani ba za ta iya tsallakewa ba. Ni da na taso ina ganin ana cinna wa daji wuta da hunturu don farautar gafiya, da farko dariya na yi. Ashe lokacin da aka kunna shi ne komai. Tauraron ɗan'adam na ɗaukar hoton inda ya ƙone, a lissafa hayaƙin da aka rage. A 2006 kamfanin gas na ConocoPhillips ya ƙulla yarjejeniyar biyansu don su rage tan 100,000 na iskar da ke ɗumama duniya duk shekara.

Akwai kuma binciken da wata ƙungiya mai suna Social Ventures Australia ta yi wa gwamnati a 2016, ta ce dalar Ostireliya miliyan 35.2 da aka zuba a wasu yankunan da irin waɗannan masu gadi ke aiki ta haifar da amfanin da ya kai miliyan 96.5.

Madalla da lissafi, amma ni ina da ja. Ɗazu na ga wata dattijuwa zaune a inuwa da jikokinta, tana nuna musu sawun kunkurun da ya fito yin ƙwai, tana faɗa musu sunan wurin da harshensu. Motar masu gadin ce ta kawo su. A wane layi na rahoto za a sa wannan? Kuma mu faɗi gaskiya, kwashe raga ba ya hana wata zuwa, tunda galibi daga wajen ƙasar take fitowa. In yawan ragar da aka kwashe ya ƙaru, aiki ne ya yi kyau ko teku ce ta ƙara lalacewa?

Bari in ajiye kyamarar, suna kira na in kama musu igiya.