Laccar unguwar Misfala a Makka: yadda jiki ke jin zafi, da ƙafar da ta daina ji

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayena da yayyena, alhazai da hajiyoyi, na can baya kuna jina? To madalla.

Bari in fara da shatta, wato yajin barkonon nan, tunda duk wanda ya kwana biyu a Makka ya ci ta. Ka sa ta a baki ka ce wayyo harshena ya ƙone, alhali shinkafar ma ta huce, to me ya ƙone? Babu komai. A ƙarshen jijiyoyin da ke harshe da fata akwai wasu 'yan ƙofofi da ido baya iya gani, ɗaya daga ciki ana ce mata TRPV1, ita aikinta in zafi ya kai wajen digiri 43 sai ta buɗe, gishirin jiki ya kwarara cikin jijiyar ya zama ɗan lantarki, lantarkin nan ya haura har ƙwaƙwalwa, a can ne ake ce maka zafi. To sinadarin da ke cikin barkono shima makullin ƙofar nan gare shi, yana buɗe ta ko da babu wuta, shi yasa kake gumi. Wani ba'amurke David Julius ne ya gano ta a 1997, kuma a 2021 aka ba shi kyautar Nobel tare da Ardem Patapoutian, haifaffen Beirut, wanda ya gano ƙofofin da ke jin taɓawa da matsi. Na'ana'ar da kuke sawa a shayi kuma ƙofar sanyi take buɗewa, shayi na tururi amma maƙogwaro na jin sanyi-sanyi.

Ido da kunne duk tsarin ɗaya ne, abin da ke waje sai an mayar da shi lantarki. A bayan ido akwai ƙwayoyi kusan miliyan 120 masu gani a duhu-duhu, da kamar miliyan 6 masu rarrabe launi, kuma tun shekaru dubu da suka wuce Ibnul Haisam mutumin Basra ya nuna haske ne ke shiga ido. A cikin kunne kuma ƙwayoyi ne masu 'yan gashi, wajen 15,000 a kowane kunne, sauti ke kaɗa su, wanda ya mutu baya dawowa, samari masu toshe kunne da iyafis a ƙure ƙara ku ji da kyau.

Amma abin da ya kawo ni yau ƙafa ce. Wani hajji da ya wuce an kawo mana wani dattijo inda nake aiki, takalminsa ya ɓata a ƙofar Harami bayan azahar, sai ya ce bari ya taka zuwa masauki haka nan tunda ba nisa. Wallahi iyayena fatar tafin ƙafarsa duk ta saɓule, kuma shi bai sani ba, abokin ɗakinsa ne ya ga jini a tayil. Har yau in na tuna sai zuciyata ta yi nauyi. Yana da ciwon suga ya fi shekara goma, suga in ya daɗe yana hawa yana cinye ƙananan jijiyoyin nan, kuma daga yatsun ƙafa yake farawa don jijiyoyinsu ne mafiya tsawo a jiki. Mai lafiya yana taka kwalta mai zafi zai ɗage ƙafa tun kafin ya yi tunani, don saƙon a laka yake juyowa baya jiran ƙwaƙwalwa. Baban nan kuwa saƙon bai tashi ba sam.

Abin da ke ruɗin mutane shine dutsen wurin ɗawafi, farin mabul ne daga tsibirin Tasos na ƙasar Girka, baya ɗaukar zafi sosai, sai mutum ya ɗauka waje ma haka yake. Ba haka bane, kwaltar Mina da rana tsaka tana gasa fata.

Saboda haka Baba Alhaji, Hajiya, in kuna da suga, ku sa silifas a 'yar jaka ku rataya ku shiga da shi, in ya ɓata ku zauna a inuwa a sayo muku wani. Da dare bayan alwala a duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, wanda baya iya sunkuyawa ya sa madubi ko ɗansa ya duba masa. Ruwan wanka kuma a gwada da gwiwar hannu, don ruwan tankin saman bene da rana tafasa kawai ya rage masa.

Na ga Hajiya ta ɗaga hannu, a miƙa mata makirfon.