Farashi daban, ƙima daban: lacca kan zuba jari na dogon zango a hannayen jari

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Abubuwa huɗu zan kawo muku.

Na farko, wanda ya sayi hannun jari ya sayi yanki ne na kamfani, da injinansa da cinikinsa da bashin da ke kansa. Idan aka ce ka shigo haɗin gwiwa a wani shago a Kantin Kwari, ai sai ka tambayi cinikin shekara, da ribar da ke saura, da masu bin shagon bashi. To tambayoyin nan su ne za ka yi wa kamfanin da ke kasuwar hannayen jari ta Legas, ko ta Abijan da ’yan Nijar ke hulɗa da ita.

Na biyu, kuma don Allah a nan ku buɗe kunne, shi ne barin tazara tsakanin farashi da ƙima. Benjamin Graham, wanda ya koyar a Jami’ar Columbia da ke Amurka, kuma malamin shahararren mai zuba jarin nan Warren Buffett, a kan wannan ya gina komai. Farashi shi ne abin da kasuwa ke faɗa yau, gobe ta canja baki. Ƙima kuwa kai za ka lissafa ta. Ɗauko rahoton shekara na kamfanin, na shekara biyar zuwa goma, ba na bara kaɗai ba. Fitar da matsakaicin ribar da ke faɗawa kan kowane hannun jari. A ce naira 20 ce, farashi kuma naira 100. Ke nan cikin shekara biyar ribar ta kai abin da ka biya. Idan farashin ya hau naira 400 ribar tana nan a 20, shekara ashirin ke nan. Kamfani ɗaya ne, amma ciniki biyu ne mabambanta.

To idan lissafinka ya ce ƙimarsa naira 150 ce, kada ka saya a 145. Jira ya sauko wajen 100, wato kashi biyu cikin uku. Me ya sa? Saboda lissafin mutum yana kuskure, kuma gobe ta Allah ce. Tazarar nan ita ke shanye kuskuren. Ina maimaitawa: tazarar ita ke shanye kuskuren! Alhaji na gaba yana murmushi, na san ’yan kasuwa ba a koya muku taya kaya.

Amma araha ma tana da tarko. Wani kamfani za ka ga ribarsa ta yi tsalle, ashe fili ya sayar, kuma fili ba ya sayuwa sau biyu. Wani ribar a takarda take, kuɗin na hannun masu cin bashi, don haka ku duba shafin kuɗin da suka shigo hannu a zahiri. Sannan bashi, musamman na dala. Da darajar naira ta faɗi a 2023, MTN Nigeria da Nestlé Nigeria duk sun bayyana asara a ƙarshen shekarar, alhali jama’a ba su daina kiran waya ko sayen Maggi ba. Abin da ake bin su da dala ne ya kumbura. Sai hauhawar farashi, wadda ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024. Kamfanin da ba zai iya ƙara kuɗin kayansa ba tare da masu saye sun gudu ba, ribarsa narkewa take yi.

Manyanmu da ke nan sun tuna 2008. A watan Maris ma’aunin kasuwar Legas (lambar da ke nuna hawa da saukar farashin hannayen jari gaba ɗaya) ya haura maki 66,000. Bankuna na ba mutane rance su sayi hannayen jari, kowa na saye don ya ga maƙwabci ya samu. Kafin shekara ta zagayo fiye da rabin darajar kasuwar ta tafi. A Agustan 2009 Babban Banki ƙarƙashin Sanusi Lamido Sanusi ya sauke shugabannin bankuna biyar. Abin tausayi, mutane da yawa kuɗin fanshonsu ne, kuma ba a bar ko taƙi ɗaya na tazara ba.

Na uku, ko na huɗu muke? Lokaci ya ja, bari in haɗa su. Kada ka sa kuɗin haya ko na makaranta, sai wanda za ka iya mantawa da shi shekara biyar. Raba shi a kamfanoni da dama masu sana’a daban-daban. Rage saye da sayarwa, kowane juyi dillali na cin nasa. Dillalin ya zama mai rajista da SEC, hukumar da ke sa ido kan kasuwar hannayen jari, ka mallaki lambar CSCS, wato lambar asusun da ake ajiye hannayen jarinka, ka cike takardar da za a riƙa turo maka rabon riba kai-tsaye a asusun banki, ka kuma san ana cire harajin kashi 10 daga ciki. Na’am, Hajiya?

Tana tambaya ko halal ne. Tambaya mai kyau, Hajiya. Fatawa ta malamai ce, amma ga yadda ake tacewa. Ana fara duba sana’ar: giya, caca, bankin ruwa, duk sun fita. Sannan a ma’aunin hukumar AAOIFI da ke Bahrain, mai tsara dokokin harkar kuɗi ta Musulunci, bashi mai ruwa kada ya wuce kashi 30 na darajar kamfanin a kasuwa, kuɗin shiga mara tsabta, kamar na ruwa, kada ya wuce kashi 5 na duk kuɗin shigar kamfanin. A kasuwar Legas akwai ma’aunin Lotus da ke jera kamfanonin da suka tsallake irin wannan tacewa, daga nan za ki fara, sannan ki yi naki lissafin ƙima. Idan an ce kashi 2 na kuɗin shigar kamfanin daga ruwa ne, an turo miki rabon riba naira 50,000, sai ki fitar da naira 1,000 ki bayar don tsarkake sauran, ba da niyyar neman lada ba. Ki sake dubawa duk shekara, don kamfani kan ci sabon bashi ya fita daga jerin.