Kwana 15 ko kwana 2? Yadda ake ƙirga kawuna a majalisun jihohin Indiya

Bilkisu: Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da sake haɗuwa. Yau Indiya muka nufa, ina tare da Malam Habu da Nura. Malam, kafin mu kunna na'ura Nura ya ce abu ne mai sauƙi: wanda ya fi yawan kujeru shi ke mulki, shi ke nan.

Nura: Har yanzu ina kan bakana. Ai lissafi ne.

Malam Habu: Lissafi ne, amma wa zai ƙirga, a ina, kuma yaushe? Nan gizo ke saƙar. Ka san a Indiya tsarin firaminista ake bi har a jihohi. Gwamna ba zaɓaɓɓe ba ne, shugaban ƙasa ke naɗa shi bisa shawarar gwamnatin tarayya. Mai riƙe da mulki na haƙiƙa shi ne babban minista, kuma sashe na 164 na kundin tsarin mulkinsu ya ce shi da ministocinsa a wuyan majalisar dokokin jiha suke rataye. Ranar da majalisa ta juya masa baya, ya sauka, ko da jiya aka rantsar da shi.

Bilkisu: Ba kamar Amurka ba ke nan, inda gwamna zai ci wa'adinsa ko da majalisa ba ta jam'iyyarsa ba ce.

Malam Habu: Yauwa. To idan shakka ta taso, sai gwamna ya ce wa babban minista ya je zauren majalisa ya nuna mutanensa. Shi kuma ya gabatar da ƙudurin cewa majalisa ta amince da gwamnatinsa. A yi muhawara, kakaki ya ce masu goyon baya su ce e, masu adawa su ce a'a. In an yi gardama kan wane ɓangare ya fi amo, sai a ƙirga ɗaya bayan ɗaya. Kakaki ba ya jefa ƙuri'a sai an yi kunnen doki.

Nura: To me ya hana gwamna ya ƙirga da kansa? A kawo masa sunaye a takarda, kowa ya sa hannu.

Malam Habu: An yi haka, shi ya jawo rigimar. A 1989 S.R. Bommai ne babban ministan jihar Karnataka. Aka kai wa gwamna wasiƙu 19 cewa 'yan majalisa sun janye goyon baya. Wasu daga cikinsu ma suka dawo suka ce ba da yawunsu ba. Bommai ya roƙi a bar shi ya shiga zaure a ƙirga, aka hana, aka rushe gwamnatinsa a ƙarƙashin sashe na 356, tarayya ta karɓe jihar. Ya tafi kotu. Sai a 1994 alƙalai tara na Kotun Ƙoli suka yanke hukunci cewa zauren majalisa ne wurin gwada rinjaye, ba falon gwamna ba.

Bilkisu: Bayan shekara biyar! Ai an riga an sha romon, an bar masa ƙashi.

Malam Habu: Shi bai koma kujera ba, amma duk wanda ya biyo baya da wannan hukunci yake kare kansa.

Nura: To ai magana ta ƙare, Malam. An samu wurin ƙirga.

Malam Habu: An samu wuri, saura lokaci. Bilkisu, ke kika bi labarin 2018, ba shi.

Bilkisu: Karnatakar dai ce. Majalisar tana da kujeru 224, aka yi zaɓe a 222. Jam'iyyar BJP ta samu 104, jam'iyyar Congress 78, jam'iyyar JD(S) 37. Waɗannan biyun na baya suka yi maza suka haɗe, ka ga 115 ke nan, sun wuce rabi. Amma gwamna Vajubhai Vala ya kira B.S. Yeddyurappa na BJP ya kafa gwamnati, don jam'iyyarsa ce ta fi kowace yawan kujeru ita kaɗai. Sannan ya ba shi kwana 15 ya nuna rinjaye.

Nura: Yana da 104, yana neman 112. Ina zai samo takwas?

Bilkisu: Tambayar da kowa ya yi ke nan. Babu wata gona da ake shuka 'yan majalisa su nuna cikin mako biyu. In za a same su, daga rumbun maƙwabci za a ɗebo. Congress ta garzaya Kotun Ƙoli, aka zauna da tsakar dare har asuba. Kotu ba ta hana rantsarwa ba, an rantsar da shi ranar 17 ga Mayu, amma ta datse kwana 15 ɗin, ta ce a ƙirga ranar 19 da ƙarfe huɗu na yamma. A tsakanin nan an loda 'yan majalisar Congress da JD(S) a bas cikin dare aka kai su birnin Hyderabad da ke wata jiha, aka killace a otal.

Nura: Kamar masu laifi?

Bilkisu: Kamar amaren da ake tsoron a sace. Ranar ƙirga Yeddyurappa ya miƙe ya yi jawabi mai sosa rai, ya ce ya sauka. Ba a ma kaɗa ƙuri'ar ba.

Malam Habu: Wannan ɓoye mutane a otal tsohuwar sana'a ce a can. Tun 1984 N.T. Rama Rao, babban ministan jihar Andhra Pradesh, ya yi ta, lokacin da ya tafi Amurka aikin zuciya ya dawo gwamna ya tuɓe shi. Ya kwashe mutanensa ya kai Karnataka ya adana, bayan wata guda ya koma kujerarsa.

Nura: Tsaya Malam, na ji suna da dokar hana sauya sheƙa. Ina amfaninta?

Malam Habu: Suna da ita tun 1985. Dalilinta ma abin dariya ne: a 1967 wani ɗan majalisar jihar Haryana, Gaya Lal, ya sauya jam'iyya sau uku cikin 'yan kwanaki, har sunansa ya zama abin zolaya. Dokar ta ce in ka bar jam'iyyarka, ko ka saɓa wa umarninta wajen ƙuri'a, kujerarka ta tafi. Daga 2003 sai kashi biyu cikin uku na 'yan majalisar jam'iyya sun tafi tare kafin su tsira. Amma ɗan siyasa ruwa ne, in ka toshe nan ya ɓulla can. Rinjayen da ake nema na waɗanda suka halarta suka kaɗa ƙuri'a ne. To maimakon ka sayi ƙuri'ar mutum, sai ka sa ya yi murabus ko ya ƙi zuwa. Majalisa ta ƙanƙance, rabinta ma ya ƙanƙance.

Bilkisu: Abin da ya ci gwamnatin haɗakar da Congress da JD(S) suka kafa bayan saukar Yeddyurappa ke nan, bayan wata 14. Wasu 'yan majalisarta suka gudu suka yi murabus, a Yulin 2019 babban ministanta H.D. Kumaraswamy ya samu 99, aka kayar da shi da 105. Kusan adadin da bai ishi Yeddyurappa ba a 2018, shi ya mayar da shi mulki a 2019.

Nura: Su kuma waɗanda suka gudu?

Bilkisu: Kakaki ya kori 17. Kotu ta tabbatar da korar, amma ta bar su su tsaya zaɓen cike gurbi. Da yawansu suka dawo a inuwar BJP, wasu har da kujerar minista.

Nura: To ni fa na fara ganin ƙirgar nan wasan kwaikwayo ce kawai.

Malam Habu: Ban yarda ba. Dubi jihar Maharashtra a Nuwamban 2019. An rantsar da Devendra Fadnavis a matsayin babban minista da sassafe, mutane na barci. Kotu ta ce a ƙirga washegarin hukuncinta, a fili ba a asirce ba, kuma a nuna kai tsaye a talabijin. Sa'o'i kaɗan bayan hukuncin ya ajiye aiki. Da a falon gwamna ake ƙirga, wa zai tayar da shi?

Bilkisu: Amma saukar da wuri ma tana da tsada. Uddhav Thackeray da ya gaje shi, da mutanensa suka ɓalle a Yunin 2022, ya yi murabus daren jajibirin ƙirga. A 2023 Kotun Ƙoli ta ce gwamna bai da hujjar kiran wannan ƙirgar tun farko. Sai dai ta ce ba za ta mayar da Thackeray ba, tunda da ƙafarsa ya fita.

Nura: Wato da ya daure ya shiga zaure ya sha kaye...

Malam Habu: Da kotu ta samu abin kamawa.

Nura: Kai! Wannan ko ni ne sai na yi wata ban yi barci ba.

Bilkisu: Je ka fara tun yau. Masu saurare, lokaci ya cimma mana, sai mako mai zuwa.