Giyar keke a ƙasar giyar inabi

Tun ranar da muka saki ɗan gajeren bidiyon nan na mutumin da ke hawan tudu a kan keke, ƙafafunsa na juyawa kamar mazari alhali keken na tafiyar hawainiya, saƙonni ba su daina shigowa ba. Wasu sun ce sarƙa ce ta zame, wasu sun ce ɗan koyo ne. Wani bawan Allah kuma, da ya ji an ce mutumin "ya sauya giya" a tsakiyar gonakin inabi, sai ya shiga salati yana tambayar wacce ya ajiye, wacce ya ɗauka. To, Malam, a kwantar da hankali, giyar da ake nufi irin ta mota ce, kuma a kanta za mu fi daɗewa yau, muna bin mutumin a cikin bidiyon tafiyarsa.

Nan garin Beaune ne, ana furta shi Bon, a yankin Bargandi na gabashin Faransa. Ginin nan mai rufi kala-kala tsohon asibitin talakawa ne da Nicolas Rolin, babban jami'in masarautar Bargandi, ya kafa a 1443. Daga bakin garin hanyar keke take tashi, ta ratsa gonaki kimanin kilomita 22 zuwa Santenay. Hannun dama ake bi, kamar a Kano ko Maraɗi, kuma ƙananan allunan nan masu hoton keke su ne ja-gora.

Ku dubi yadda gonakin suka kwanta a jikin tudu. Da gangan ne, domin gangaren da ke fuskantar gabas yana samun hantsi da wuri, ruwan sama kuma ba ya kwanciya a ƙasar mai farar duwatsu. An yanka tuddan yankin filaye-filaye, kowanne da sunansa da iyakarsa, har 1,247, waɗanda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2015. Tunda hanya a gindin gonakin take bi, ba ta miƙe shimfiɗe ba, hawa ne da gangara a jere. Da an wuce ƙauyen Pommard aka nufi na Volnay, sai a iske hawan da ya jawo duk wannan surutu.

Wanda ya tashi da keken Rali ko Finis mai giya ɗaya ya san dabara biyu ce kawai a gaban tudu: ko dai ya miƙe tsaye a kan feda yana nishi, ko ya sauka ya tura. Keken yawon buɗe ido ba haka yake ba. Ku kalli nan, kusa da feda akwai farantai masu haƙora, a tayar baya kuma akwai jerin wasu, daga ƙarami zuwa babba, sarƙa tana tsalle a tsakaninsu. Idan sarƙar tana kan faranti mai haƙora 48 a gaba da mai haƙora 12 a baya, zagayen feda ɗaya yana juya taya sau huɗu, wato tafiyar sama da mita takwas. Wannan na shimfiɗaɗɗiyar hanya ne, a kan tudu kuwa sai ka ji kamar an ɗaura maka buhun gero a kowace ƙafa. Idan aka mayar da sarƙar kan mai haƙora 34 a gaba da mai 34 a baya, zagayen feda ɗaya juyin taya ɗaya ne kacal, mita biyu da ɗan ɗori. Aikin hawan bai ragu ba ko kaɗan, an dai raba shi ne loma-loma yadda cinya za ta iya haɗiyewa. Abin da kuka gani a bidiyon ke nan, kuma mutumin gwani ne.

Inda akasarin mutane ke kuskure shi ne lokacin sauyawar. Irin wannan giya ba ta shiga sai feda na juyawa, kuma ba ta shiga da daɗi idan an danne fedar da ƙarfi, saboda sarƙar ta ɗaure tamau, ba ta da sararin hawa haƙoran da ke kusa. Saboda haka tun kafin tudu ya kama ake saukowa, ɗaya bayan ɗaya. Ku sa ido a kan babban yatsan mutumin namu yanzu, a kan maɓallin sauya giya. Hanya ba ta fara tashi sosai ba, ya sassauta ƙafa na daƙiƙa guda ba tare da ya daina juyawa ba, ya danna, sarƙa ta koma, ya ci gaba. Ga kuma abokin tafiyarsa da ya jira sai da keke ya kusa tsayawa. Ku saurari wannan ƙarar, ƙarar sarƙa ce tana cizon haƙora, daga nan sai ƙafa a ƙasa. Ni ma na taɓa yin haka, kuma tashi daga tsakiyar hawa da giya mai nauyi abu ne da ba na yi wa kowa fata. A ganina, gara a sauko da wuri ana juyi kusan tamanin a minti, ko da masu kallo za su yi dariya.

Sauran yinin bari hotuna su yi magana. Meursault ke nan, inda ya kamata a sayi burodi da cuku kafin azahar, domin shaguna da yawa a ƙauyukan nan suna rufewa da tsakar rana. Musulmi ya tambaya kafin ya ci, saboda sanannen dafaffen naman sa na yankin da giyar inabi ake dafa shi, wani abincin kuma na alade ne. Ruwan gora idan ya ƙare, mahaya keke a Faransa sukan nemi famfon maƙabartar ƙauye, sai dai a duba ko an rubuta cewa ba na sha ba ne. Wannan tarakta mai dogayen ƙafafu, wadda ke ratsa kunya ta bar itacen inabi a ƙarƙashinta, a ba ta hanya, wurin aikinta ne, musamman a watan Satumba lokacin tsinka.

Tsakanin ƙauyukan Puligny da Chassagne ga filin Montrachet, wanda bai wuce kimanin hekta takwas ba duk da sunan da giyar inabinsa ta yi a duniya, har mai keke zai iya wuce shi bai lura ba. Can gaba injin niƙa mai aiki da iska yana nuna an iso Santenay. Daga nan a bi gefen magudanar jiragen ruwa zuwa Chagny, hanya lafiyayya mai inuwa, inda a ƙarshe za a iya mayar da sarƙa kan babban farantin gaba. A tashar jirgin ƙasa, a nemi taragon da aka zana hoton keke a ƙofarsa, cikin 'yan mintuna jirgi ya mayar da mutum Beaune kafin magariba.