Sharhi: Wa Ya Buɗe wa Montgomery Hanya a El Alamein?

Jama'a masu sauraro, duk lokacin da aka tashi ba da labarin gumurzun El Alamein na 1942, wanda aka yi a Masar lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sunan Janar Montgomery, kwamandan sojojin Birtaniya, ake ambata, sai na Rommel, kwamandan sojojin Jamus, daga nan a rufe littafi. Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin akwai mutumin da ake tsallakewa, kuma hakkinsa ake ci.

Sunansa Józef Kosacki, injiniya kuma Laftanar a rundunar Poland. An haife shi a 1909. Da Jamus ta mamaye ƙasarsa a 1939, ya bi sahun sojojin da suka yi gudun hijira, har ya tsinci kansa a Scotland. A can, a 1941, ya ƙera na'urar gano nakiyar da aka binne. Kafin ita, soja rarrafe yake yi yana caka wuƙar bakin bindiga cikin ƙasa, ransa a hannun Allah. Na'urar Kosacki kuwa sanda ce mai faifai a ƙasa, da naɗin waya biyu a ciki. Da zarar faifan ya kusanci ƙarfe, sai ƙarar da ke kunnen sojan ta canza, ya san ga inda ajali yake kwance.

Rommel ya binne nakiya wajen rabin miliyan a hamadar Masar. An kai wa sojojin Birtaniya na'urorin nan 500, saurin share hanya ya ninka. To, wa ya buɗe hanyar?

Kuma kyauta ya ba su. Kyauta! Bai yi wa ƙirƙirarsa rajistar mallaka ba, bai nemi ko sisi ba. Mutumin da aka raba da gidansa, yana zaman baƙunta a ƙasar wasu, ya miƙa abin da zai iya azurta shi har jikokinsa. Abin da ya samu shi ne wasiƙar godiya daga Sarki George na Shida.

Wasu za su ce ai don kare iyalinsa da ke hannun Jamusawa aka ɓoye sunansa. Gaskiya ne, an yi daidai a lokacin. Amma yaƙi ya ƙare a 1945. Wane uzuri ya rage? A 1946 aka yi faretin nasara a Landan, rundunar Poland da ta yi yaƙi kafaɗa da kafaɗa da Birtaniya ba ta cikin masu maci, don gudun ɓacin ran Stalin, shugaban Tarayyar Soviet. Haba!

Kosacki ya koma gida, ya yi aiki a cibiyar binciken nukiliya, ya koyar a Warsaw, ya rasu a 1990. Shekara guda bayan rasuwarsa, sojojin Birtaniya suna riƙe da samfurin na'urarsa a yaƙin Tekun Fasha. Shekara 50 ana cin gajiyar kyautar mutum, amma faɗin sunansa ya gagara.